Daga anini zuwa naira biyu: yadda nake jera kuɗin ƙarfe na Najeriya a kan allo

Aikin da nake yi a nan Jos shi ne tattara kuɗin ƙarfen da aka kashe a ƙasar nan tun 1907, in tsabtace su, in jera su bisa shekara yadda mai kallo zai ga zanen da ke jikinsu. Zanen nan tudu ne da kwari marasa zurfi, kaurinsu bai kai na farce ba, kuma shi ne dukiyar. In ya shafe, abin da ke hannunka guntun ƙarfe ne kawai.

Kashi biyar nake raba su, kuma da mayen ƙarfe nake fara rabon. Duk wanda ya manne na 1991 ne ko na 2007, domin cikinsu baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi. Waɗanda ba su manne ba sai in bi su da gilashin ƙara girma mai ninki goma in karanta shekara.

Kashin farko na zamanin Turawa ne: anini (kashi ɗaya cikin goma na kwabo), ɗari (rabin kwabo) da kwabo, masu huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida a baya, da rubutun Larabci da ke faɗin darajar kuɗin. Aninin 1907 da gorar ruwa aka buga shi, shi ya sa ba shi da nauyi kuma da wuya ka samu wanda bai ci ba. Saboda hudar, babu wurin sa kan sarki, sai kambi da suna. Wannan ne ya sa ake da kwabon 1936 mai sunan Edward na takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila cikin shekarar. Taro (kwabo uku), sisi (kwabo shida), sule (kwabo goma sha biyu) da fataka (sule biyu) sun zo a 1913, na azurfa, sule da fataka ɗauke da bishiyar kwakwar manja. Daga 1920 aka koma farin tagulla mai ruwan ɗorawa. Na azurfar sun yi ƙaranci don maƙeran fari sun daɗe suna narka su su yi zobba da warwaro. Ka duba ƙaramin harafi a jiki: H na nufin ma'aikatar buga kuɗi ta Heaton da ke Birmingham, KN kuma ta King's Norton.

Kashi na biyu, na 1959, shekarar da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki, shi ne inda ƙasar ta fara magana da bakinta duk da kan Sarauniya na gaba. Taro mai kusurwa goma sha biyu yana ɗauke da auduga, sisi koko, sule ganyen kwakwa, fataka gyaɗa. Wato an raba fuskokin kuɗin tsakanin abin da Arewa, Yamma da Gabas ke nomawa su sayar waje.

Na uku shi ne na 1 ga Janairu 1973, ranar da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Tambarin ƙasa ya hau gaba: mikiya, dawakai biyu, garkuwa mai layin haɗuwar Neja da Binuwai. A baya auduga ta koma kan rabin kwabo, koko kan kwabo biyar, kwakwa kan kwabo goma, rijiyoyin man fetur suka fito a kan kwabo ɗaya. A ganina kwabo ashirin da biyar ya fi kowanne kyau a duk tarihin kuɗinmu. Dalar gyaɗa ce irin ta Kano, buhu kan buhu, ga 'ya'yan gyaɗa tare da ita, kuma mai zanen ya bar fili isasshe har dalar ta yi kwarjini. A nan nake gane lafiyar ƙwayar kuɗin: in layukan buhunan sun rabu ɗaya bayan ɗaya, ba ta sha hannu ba, in dalar ta zama sumul, ta yi yawo. A gaba kuma ƙirjin mikiya da kawunan dawakai ne ke fara shafewa.

Na 1991 sun kawo masara a kan kwabo hamsin da hoton Herbert Macaulay, ɗan gwagwarmayar neman 'yancin Najeriya, a kan naira ɗaya. Na Fabrairun 2007 sun maimaita su, suka ƙara naira biyu mai ginin Majalisar Tarayya na Abuja, naira ɗaya da biyu kowacce da ƙarfe kala biyu, zobe da ciki. Ginin ya matse a ɗan filin, bai kai dalar gyaɗa armashi ba. Abin da ke ba ni mamaki a matsayina na mazaunin Filato, duk cikin waɗannan babu saniya, babu kuza, babu kan mutum-mutumin Nok, alhali gidan tarihi na Jos yana nuna waɗannan tsofaffin mutum-mutumin yumɓu tun 1952.

Wanki shi ne inda aka fi yin ɓarna. Yawancin abin da ake kawo mini daga adakar tsofaffi ko wajen 'yan gwangwan an riga an dirje shi da toka, yashi, lemun tsami ko ruwan tsamiya don ya yi ƙyalli. Tsami yana cinye fatar da tagulla ta yi cikin shekaru, ya bar ta ja-ja-wur da ƙananan ramuka, yashi kuma yana barin zane-zane da ba sa gyaruwa. Duhun da ke kan tsohon kwabo kariya ce, ba dauɗa ba.

Ga yadda nake yi. In sa ƙwaya ɗaya a kofin gilashi, in zuba tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, amma a tabbata ba mai asid ba ne. Tana kwana biyu zuwa bakwai, ina canja ruwan kullum. Ƙasar da ta yi laushi in ture ta da tsinken sakace jiƙaƙƙe, a hankali, ƙarƙashin gilashi. Maiƙo ko gam sai asiton, sinadarin da ke narkar da jan farce, amma tsantsarsa, na minti biyar a wuri mai iska, nesa da wuta. Na goge farce yana da mai da turare, yana barin tabo. Daga nan in ɗora a kan ƙyallen auduga in danna, ba na gogawa, in bar ta ta bushe yini guda. Kullum ta gefe nake riƙewa, don gishirin gumi yana buga hoton yatsa a jikin tagulla har abada.

Kore iri biyu ne. Mai tauri, mai santsi, a bar shi. Mai gari-gari, fari-fari, da ke fita in an taɓa, cuta ce: gishiri da laima ne ke cin ƙarfen daga ciki. Irin wannan nakan ware ta nan take, in jiƙa ta a haɗin hodar bekin soda da sodar wanki daidai-wa-daida, giram biyar cikin tataccen ruwa mililita ɗari, ina sabunta ruwan duk mako har ya daina yin shuɗi, sannan in ɗauraye sosai. Na 1991 da 2007 kuwa ba a jiƙa su ko kaɗan, domin in rufin ya fashe tsatsa ce ke shiga ƙarƙashi.

Wajen ajiya, leda mai laushi mai warin sabon takalmin roba tana fitar da wani kore mai danƙo bayan watanni. Ina amfani da kwali mai taga, santimita biyar-biyar, in rubuta shekara, ƙarfe da zanen da ke baya da fensir. A Jos hunturu ba matsala ba ne, Yuli da Agusta ne abin tsoro, don haka akwatin yana rufe ruf da ƙunshin silika masu shanye laima a ciki, ina gasa su a ɗan zafi duk wata lokacin damina.

A kan allon, baya nake fuskantar da mai kallo, in ajiye ƙwaya ta biyu a gefe don gaba in ina da ita. Baƙin yadi ya fi fito da azurfa da farin ƙarfe, toka-toka ya fi dacewa da jan tagulla. A guji ulu da roba, suna baƙanta azurfa. Fitila kuma kada ta hasko daga sama kai tsaye. A sa ta a gefe, ƙasa-ƙasa, kamar digiri ashirin zuwa talatin, yadda kowane tudu zai yi inuwa, sannan a juya allon kaɗan-kaɗan har rubutun Larabcin da ke kan anini ya karantu daga taku biyu.