Kwamfutar da Aka Ce Ba Ta Kamuwa da Cuta

Na shafe shekaru ina aiki da Linux, wani tsarin gudanar da kwamfuta irin su Windows, kuma ba zan ɓoye ba, akwai lokacin da nake yi wa masu Windows kallon tausayi mai gauraye da alfahari, domin na ɗauka miyagun manhajoji ciwo ne da ya keɓanta da su. Masu Mac ma sun daɗe a kan wannan zato, har sai da wata muguwar manhaja mai suna Flashback ta bazu a 2012 ta bi ta wata ɓaraka a Java, manhajar da wasu manhajoji ke dogaro da ita wajen aiki, ta shiga kwamfutocin Mac sama da 600,000.

Zaton yana da ɗan tushe. A Linux da macOS, ba a taɓa ginshiƙin tsarin sai da izinin mai iko da kalmar sirrinsa, sannan masu kutse sun fi karkata zuwa inda jama'a suka fi yawa. Sai dai katanga ba ta da amfani ga ɓarawon da maigida ya buɗe wa ƙofa da hannunsa, kuma a nan ne sakankancewa take cutar da mutum.

A watan Maris na 2016, masu kutse sun cusa wata muguwar manhaja mai suna KeRanger cikin Transmission, wata manhajar sauke fayiloli, a shafinta na ainihi, ɗauke da sa hannun da tsarin Mac ya amince da shi. Takan yi shiru na kwana uku, sannan ta kulle fayilolin mutum ta nemi bitcoin ɗaya a matsayin kuɗin fansa. Waɗanda abin ya shafa ba su yi ganganci ba. Sun sauke manhajar ne daga inda aka ce a sauke ta.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne na XZ Utils, ƙaramar manhajar matse fayiloli da take cikin yawancin nau'o'in Linux. Wani ya shafe kimanin shekara biyu yana taimakawa a aikin cikin haƙuri har aka yarda da shi, sannan ya dasa ƙofar sirri a ciki. Ba manhajar tsaro ce ta kama shi ba. Wani injiniya ne, Andres Freund, ya lura a watan Maris na 2024 cewa shiga kwamfuta ta SSH, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawun abin har ya tono shi kafin ya kai ga mafi yawan mutane.

Bayan na karanta labarin, sai na buɗe tarihin umarnin da na taɓa bai wa kwamfutata. Na tarar da layuka da dama da na kwafo daga intanet, na ɗora musu cikakken iko da umarnin sudo, ba tare da na karanta ko ɗaya daga cikinsu har ƙarshe ba.