Tsinin mashin da na ɗaga kafin a auna

Har yau, duk lokacin da na ga hoton tsinin mashin Folsom, wato tsinin dutse da maharban zamanin da suke ferewa a Amurka, abin da ke faɗo mini a rai shi ne yadda yatsuna suka riga hankalina isa ƙasa. A mako na uku ne na aikin tonon kayan tarihi da muka yi lokacin bazara, a wani kwazazzabo da ke filayen ciyawa na yammacin Amurka, inda maharba suka kashe wata irin ɓauna mai girman gaske wadda ta ƙare tun dubban shekaru. Kwanaki na yi a durƙushe da cokalin gini da buroshi, ba na ganin komai sai ƙasusuwan da ke marmashewa da an taɓa su. Da yammacin wata Laraba sai buroshina ya share ƙura daga kan wani siririn dutse mai sheƙi, na ga kwarmin nan da ake fere wa irin wannan tsini daga gindi zuwa kusa da baki, domin ya zauna daram a kan sandar mashi. Rabin tsini ne, na gindi. Kafin in ankara yana tafin hannuna, ina ƙwala wa abokan aiki kira.

Malamar da ke jagorantar mu ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Tambayata kawai ta yi: ta ina ya fuskanta, kuma a ƙarƙashin ƙashin yake ko a samansa? Na buɗe baki, na rasa amsa. Na yi ƙoƙarin mayar da shi gurbinsa, ta riƙe hannuna, domin abin da aka mayar ba shi da daraja ɗaya da abin da aka tarar. Ba a ɗauki hotonsa a kwance ba, ba a auna zurfinsa ba, ba a zana shi a taswira tare da ƙasusuwan da ke gefensa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san labarin Folsom sarai, har jarrabawa na rubuta a kansa. George McJunkin, baƙar fatar makiyayi da aka haifa cikin bauta, shi ya fara ganin ƙasusuwan irin wannan ɓauna kusa da garin Folsom a jihar New Mexico bayan ambaliyar 1908, kuma ya rasu a 1922 ba a tona wurin ba. Da ma'aikatan gidan tarihi na Denver suka tona a 1926 a ƙarƙashin Jesse Figgins, sun sami tsini, amma tun da ba a gan shi a ainihin mazauninsa ba, manyan masana suka ƙi gamsuwa. Sai a watan Agusta na 1927 aka ci karo da wani a tsakanin haƙarƙarin ɓauna, aka bar shi yadda yake, aka aika wa masana irin su Barnum Brown da Alfred Kidder su zo su gani da idonsu. Wannan barin da aka yi shi ya tabbatar da cewa mutane sun zauna a nahiyar tun ƙarshen zamanin ƙanƙara, shekaru kusan 12,000 da suka wuce. Abin da suka daure suka ƙi yi ke nan na aikata a cikin daƙiƙa biyu.

Yanzu idan na hango wani abu yana sheƙi, cokalin nake fara ajiyewa, in mayar da hannuwana bayana kamar ɗalibi a gaban malami, sannan in yi kira. Sababbi suna yi mini dariya, ina ƙyale su. Tsinin yana nan a cikin 'yar jakar leda mai lamba, kuma a takardar da ke tare da shi, a gurbin da ake rubuta zurfi da alƙibla, an rubuta cewa mai tono ya ɗauke shi kafin a auna, ga haruffan farkon sunana a gefe.