Neman adireshin MAC na kwamfutata a Nima

A makon jiya yayana, mai shagon intanet a Nima cikin Accra, ya ce sai na ba shi adireshin MAC na kwamfutata, wato lambar shaida ta katin da ke haɗa ta da intanet, domin na'urarsa ta Wi-Fi ba ta karɓar wanda ba a yi wa rajista ba. Na buɗe Command Prompt, wato wurin rubuta umarni a Windows, na rubuta getmac /v, sai layuka biyu suka fito, ɗaya na haɗin kebul, ɗaya na Wi-Fi. Adireshin da ke kowane layi haruffa da lambobi 12 ne, jere biyu-biyu, kuma shida na farko, waɗanda IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki, ke rabawa, su ke nuna kamfanin da ya ƙera katin. Na kwafe na Wi-Fi a takarda cikin natsuwa, saboda kuskuren harafi ɗaya ya isa ya hana ni shiga.