Na haska wa ɗalibaina finafinan 'yan sama jannati na farko

Ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Kano. A zangon da ya wuce na ari majigi, na kafa farin zani a bangon aji, na riƙa haska wa 'yan aji uku tsofaffin finafinan gaskiya na farkon tafiya sararin samaniya, ina tsayarwa ina fassara musu da Hausa.

Na fara da na Tarayyar Sobiyet: Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, a 1957, sai Yuri Gagarin da ya zagaya duniya cikin minti 108 ranar 12 ga Afrilu 1961. Hoton yana rawa, sautin yana ƙara, amma ba wanda ya motsa. A nan na fahimci cewa ba a barin irin wannan fim ya yi magana shi kaɗai. Gwamnati ce ta shirya shi a tsakiyar yaƙin cacar baka, ta nuna abin da take so. Gagarin da laima ya sauko bayan ya fice daga kumbonsa, aka ɓoye hakan shekara goma. Sergei Korolev, wanda ya jagoranci ƙera rokar, ba a bayyana sunansa ba sai da ya rasu a 1966. Da na faɗi haka wata yarinya ta ce, “Malam, to na Amurka fa, me suka ɓoye?” Sai na ba ta labarin Katherine Johnson, baƙar fatar da ta duba lissafin tafiyar ɗan sama jannatin Amurka John Glenn, wadda duniya ba ta san aikinta ba sai bayan shekaru masu yawa.

Ajin bai yi tsit na gaske ba sai a kan tafiyar Glenn ɗin, ta 20 ga Fabrairu 1962. Na gaya musu cewa ɗaya daga cikin tashoshin da NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta kafa don bin sawun kumbon a nan Kano take, kuma da ya ratsa saman Afirka ya ba da rahoton ƙurar da yake hangowa. Fabrairu ce fa, lokacin hazo. Wani yaro da ba ya cika magana ya miƙe ya matso kusa da zanin, har inuwar kansa ta rufe rabin hoton, ya ce, “Malam, Kanonmu?” Na nuna musu hoton kan sarkin da Najeriya ta buga a 1963 mai ɗauke da tashar, na ƙara da hirar da shugaban Amurka Kennedy ya yi da Tafawa Ɓalewa ta tauraron ɗan'adam a watan Agustan shekarar.

Saukar wata ta 1969 ba ta girgiza su haka ba, wasu ma musu suka yi. Ban tsawata ba, na bar su suka kawo hujjojinsu muka bi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da zan ƙara nan gaba shi ne gayyato dattijo. Wata ɗaliba ta tambayi kakanta, ya ce a rediyo suka ji labarin saukar watan, aka kwashe kwanaki ana gardama a majalisa. Ya yarda zai zo ya ba su labarin da bakinsa a zango mai zuwa.