Kafin ka buɗe shafin lafiyar ƙwaƙwalwa don matasa

A aikinmu na ba matasa shawara ta WhatsApp da Facebook da TikTok, mun ga cewa sakin bidiyo ba ya da wuya. Nauyin yana cikin saƙonnin da ke biyo baya, galibi tsakar dare. Shi ya sa ba ma wallafa komai sai mun san wanda zai amsa saƙo a ranar, mun rubuta lokutan amsawa a saman shafi, kuma muna riƙe da sunayen wuraren da za a tura mutum: asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Maiduguri da Kware, na Dawanau a Kano, da lambar gaggawa 112. Wanda ya buɗe zuciyarsa bai samu amsa ba, da wuya ya sake rubutowa.

Zauren WhatsApp ne abin da kowa ke fara tunani, amma mun fi son tasha, wato channel na WhatsApp, inda masu shafi kaɗai ke wallafawa. A zaure kowa na ganin lambar kowa, yarinya ta faɗi damuwarta da safe, kafin la'asar samari sun bi ta gefe, ko wani ya ɗauki hoton maganarta ya yaɗa. A tasha lambobin mabiya a ɓoye suke. Idan zauren ya zama dole, muna raba na maza da na mata, mu sa masu kula biyu, mu rufe shi da dare.

Saƙon murya na minti ɗaya da Hausa ya fi dogon rubutu shiga, kuma ba ya cin data da yawa. Kalmomin da matashi ke amfani da su muke ɗauka: tunani ya yi min yawa, ba na barci, komai ya fita a raina. Da ka ce taɓin hankali, ya gudu, don ba ya son a kira shi mahaukaci. Maganar aljanu da ruƙiyya kuwa ba ma jayayya a kanta a fili. Cewa muke a ci gaba da addu'a, a kuma ga likita. Wanda ya yi wa iyaye ba'a kan wannan, ya rufe wa yaron hanyar asibiti da hannunsa, tunda su ne za su kai shi.

Ba ma gano cuta ta saƙo, ba ma faɗin sunan magani. Tambaya muke: tun yaushe, ya barci da cin abinci, ana shan tiramol ko kodin? Idan abin ya kai mako 2 kuma ya hana karatu ko sana'a, sai asibiti.

Wuri mafi nauyi shi ne idan wani ya rubuto cewa ya gaji da rayuwa. Muna tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin, sauƙi take kawowa. Sai mu koma kiran waya, mu san inda yake, mu nemi babban da ya yarda da shi, a kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi, kada a bar shi shi kaɗai. Ba ma alkawarin rufe wannan sirrin, kuma tun farkon hira muke faɗa, musamman ga wanda bai kai shekara 18 ba. Wa'azin wuta a wannan lokacin kashe waya yake sa shi. A fili kuma ba ma ambaton hanyar da wani ya bi ya kashe kansa, duk sharhin da ya ambata gogewa muke yi nan take.

Masu amsa saƙo su ma suna gajiya. Wayar aiki daban da ta gida, ana karɓa-karɓa, kuma duk mako muna zama da babban ma'aikaci a duba saƙonnin da suka yi tsanani, bayan an cire sunaye da lambobi.