Sana'ar kai baƙi cikin kogo a hamadar Arizona

Kusan duk wanda ya kira ni a waya, da ya gama tambayar kuɗin tafiya sai ya sassauta murya ya tambayi zinariya. Ɗan kamfanina yana Tucson ne, a jihar Arizona ta Amurka. Mu uku ne da mota ɗaya: ni, da ɗan wana mai riƙe da tuƙi da kaya, sai wata mata mai kula da rajista da inshora. Muna kai mutane cikin kogon dutse da kwazazzaban hamada, mu dawo da su gida lafiya.

Ban ga laifin masu tambayar ba, don ƙasar nan cike take da labarin ɓatacciyar dukiya. Gabas da Phoenix akwai duwatsun Superstition, inda ake cewa wani Bajamushe, Jacob Waltz, ya san wani ramin zinariya. Ya rasu a 1891, har yau ana nema. A 1931 Adolph Ruth ya shiga neman ramin, sai ƙasusuwansa aka tsinta daga baya. Ko a kwanan nan, akwatin dukiyar da Forrest Fenn na Santa Fe ya ɓoye a 2010 sai a 2020 aka gano shi, bayan mutum biyar sun rasa rayukansu wajen nema. Kafin in karɓi ko sisin mutum sai na ba shi wannan labari, in kuma gaya masa doka: tun 1979 laifi ne babba a tono ko a ɗauke kayan tarihi da suka haura shekara 100 a filin gwamnatin tarayya, kuma ba a shiga gandun ƙasa, wato wurin da gwamnati ta keɓe don kiyayewa, da na'urar gano ƙarfe. Abin da nake iya yi musu shi ne in kai su busasshen rafi inda aka yarda, wanda ba wanda ya riga ya yi rajistar haƙa a wurin, in ba su faranti da jarkar ruwa su wanke yashi. Mai sa'a yakan ga ɗan ƙyalli da ƙwayar gero ta fi shi girma.

Ainihin wahalar sana'ar a gida take, da daddare. Kowane baƙo fitila uku, hular kwano, safar hannu, da ruwa lita huɗu. Batir ɗaya bayan ɗaya nake gwadawa da hannuna, ban taɓa barin wa kowa wannan ba. In mun dawo kuma sai wanki, takalma da igiya da huluna duka, saboda wata cutar fungus da ta ɓulla a jihar New York a 2006, ta kashe miliyoyin jemagu, kuma a jikin kaya tana iya bin mutum daga kogo zuwa kogo. Daga Yuli zuwa Satumba, lokacin damina, sau da yawa nakan soke tafiya in mayar da kuɗi. Sama na iya zama tas a kanka, ruwan da ya sauka a kan dutse can nesa ya taho ta kwari kamar bango.

Wata rana a cikin kogo, ina gaba ina haska hanya, sai na ji ɗan wana ya ce, "Baffa, dubi hannun mutumin nan." Na waiwaya, wani baƙo ya kama wani siririn dutse da ke reto daga rufin, fari kamar kyandir, ɗigon ruwa na rataye a bakinsa. So yake ya karya ya kai wa 'yarsa tsaraba. Na riƙe masa hannu a hankali na ce ya tsaya mu kalli ɗigon. Mun daɗe tsaye kafin ya faɗo. Da irin wannan ɗigon, ɗaya bayan ɗaya, dutsen ya yi dubban shekaru yana tsiro, kuma ko maiƙon tafin hannu yana iya ɓata shi. Mutumin bai ce uffan ba har muka fito. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, har na kasa cin abinci a daren.

Shi ya sa nake ganin girman Gary Tenen da Randy Tufts. Su suka gano kogon Kartchner kusa da Benson a 1974, suka rufe bakinsu shekara 14 har jiha ta sayi wurin a 1988, aka buɗe wa jama'a a 1999. Je ka ga kogon Peppersauce da aka bari a buɗe, yadda aka ɓata bangonsa da fenti, za ka gane abin da suka tsorata.

Masu hali da lokaci nakan kai su kogon Carlsbad, wani gandun ƙasa a jihar New Mexico, tafiyar yini guda a mota. A can ma'aikatan gandun ne ke jagora, mu rakiya kawai muke yi. Da magariba a watannin zafi jemagu kan fito daga bakin kogon kamar hayaƙi, kuma kashinsu ne aka fara haƙa a wurin ana sayarwa taki, tun kafin a mayar da shi gandun ƙasa a 1930. Kasuwarmu tana ci ne daga Oktoba zuwa Afrilu. Abin da muka tara a nan shi ke biyan inshora da takardar izinin hukumar daji, ya kuma saya wa motar tayoyi, don duwatsun hanya ba sa barin su su kai shekara.