Ruwan Abzin ne ke cika mana aljihu a Kura

Idan damina ta faɗi, maƙwabtana manoman shinkafa na nan Kura sararin samaniyar Kano suke kallo. Ni kuwa kunnena yana arewa, can Abzin da ke arewacin Nijar. Tambayar da nake yi wa duk direban da ya sauko daga Damagaram ita ce, an yi ruwa a Abzin? Ciyawa ta fito a wajen Ingal? Domin in raƙuma ba su ƙoshi ba, rawanin da na rina zai kwana a ɗaki har baɗi.

Sana'ata turkudi, wato baƙin yadin nan mai walƙiya da ake kira ɗan Kura. A hannun mahaifina na gaje ta, kuma yau mutum tara ke ci a ƙarƙashinta, ban da masaƙa na ƙauyuka da nake kai wa zare. Masu sayenmu kusan duk Abzinawa ne. Mu nan Buzaye muke ce musu gaba ɗaya, amma tun ina yaro Baba ya ja min kunne cewa ba kowanensu ke son sunan ba.

Aikin yana da cin rai. Saƙar siririya ce ƙwarai, faɗinta bai wuce yatsa ba, sai an jera da yawa an haɗa da allura kafin ta zama abin naɗawa. Daga nan sai karofi. Ganyen baba da toka da katsi, wato gasasshiyar lakar tsohon rini, ake haɗawa a rami, a bar ruwan ya nuna kwanaki, sannan a riƙa tsomawa ana fitarwa iska ta buga, a sake tsomawa, har shuɗin ya koma baƙi. Amma kuɗin yana wajen bugu. A barbaɗa shuni, a ɗan shafa kitse, a ɗora bisa gungume, mutum biyu su zauna suna fuskantar juna suna sauke masa guduma ta itace har ya ɗauki ƙyalli kamar ƙarfe. Mai bugun da ya yi gaggawa yaga kayan zai yi, shi ya sa ba na ba sabon yaro guduma sai ya shekara yana ninki.

Ɗan birni in ya taɓa kayana ya ga yatsunsa sun yi shuɗi, sai ya ce rinin bai kama ba. Ba-abzine kuwa abin da yake nema ke nan. Zai goga babban yatsa a gefen yadin, in bai ga shuni ya hau ba ya ajiye maka abinka. Ba a wanke shi, kuma ba na kullum ba ne. Na yawon kiwo farin yadi ko mai rinin kanti suke naɗawa, shi kuwa aleshu, kamar yadda suke kiransa, ana adana shi cikin takarda sai Sallah, ko aure, ko bikin Bianu a Agadas, ko taron Ingal na watan Satumba, lokacin da makiyaya ke kai dabbobi lasar gishiri. A wurinsu namiji ne ke rufe fuska, mace ba ta rufewa, kuma ranar da aka fara naɗa wa saurayi rawani ranar ya shiga sahun manya. Uban da ke shirin wannan rana ba ya yawan taya kaya.

Zamanin Baba, lissafin shekara a bayyane yake. Da kaka ayari ya bar Abzin ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, ya ɗauko kantun gishiri da dabino. Da hunturu su gangaro Damargu har ƙasar Kano, su sayar, su sayi gero, raƙuma su yi ta cin karan gonaki suna bar wa manomi taki. A nan ne suke biyan bashin bara su ɗauki kayan bana. Farin 1973 da na 1984 sun karya mutane da yawa, Baba ya ce akwai masu sayensa da tun daga nan bai ƙara jin ɗuriyarsu ba. Yanzu mota ta karɓe yawancin gishirin, ciniki kuma ya koma waya: a turo sefa, in je Wapa in canza, in ba direba kaya. Da zinariya ta ɓulla a Jado a 2014, samarinsu suka samu kuɗi, shekarun nan ba mu iya cika oda ba.

Bashi kuwa har gobe muna bayarwa, ga mutumin da ba shi da lambar gida. Akwai wani dattijo da ya ɗauki rawani goma sha biyu a hannuna ana saura kaɗan a yi juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Aka rufe iyaka, lambarsa ta daina shiga. Na sallami masu bugu biyu a wannan shekarar, kuma a raina na riga na yafe kuɗin. Bayan an buɗe iyaka a Maris na 2024, wata ranar Juma'a sai ga wani saurayi dogo a ƙofar shago, ido kawai ake gani.

"Alhaji, tsoho ya rasu da azumin nan. Ya ce akwai kayanka a wuyansa."

Na yi masa ta'aziyya, na ce a bar maganar. Ya ƙi. Ya kwance wata jakar fata ya ƙirgo sefa, ya ce raƙumi guda suka kai kasuwar Tanut saboda wannan. Da ya gama sai ya ɗauki rawani ɗaya daga kan tarin, ya goga yatsa, ya duba, ya ce in ware masa shida, zai biya in an dawo daga Ingal. Na ɗauko littafin Baba na buɗe shafin ubansa, na rubuta a ƙasa.